HAZO, HADARI DA TITIN JIRGI: TARIHIN DUBA YANAYI A FILIN JIRGIN SAMAN KANO

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zuwa filin jirgin sama a tsakiyar hunturu, ko don tafiya ko don rakiyar alhaji, ya san wata sanarwa da ba a son ji, watau a ce jirgi ba zai tashi ba saboda hazo. Nan take sai ka ji guna-guni ya kaure, wannan ya ce wulaƙanci ne, wancan ya ce ai ƙarya ce, jirgin ne ya lalace ake fakewa da hazo. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa kafin a yi wannan sanarwa, sai da wani ma'aikaci ya fita ya auna iska, ya duba iyakar inda ido ke iya hangowa, ya rubuta rahoto, matuƙi kuma ya karanta ya yanke shawara.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi tarihin wannan rahoto, tare da bayanin titin da jirage ke sauka da tashi a kansa, ta hanyar duba filin jirgin saman Kano, wanda shi ne mafi daɗewa a Nijeriya. Za mu ga cewa ƙa'idojin da ake bi a yau ba haka kawai aka tsiro da su ba. Da yawa daga cikinsu sai da aka yi asarar rayuka sa'an nan aka gane amfaninsu. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya.

Zuwan Jirgin Farko

A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a filin sukuwar Kano. Sun taso ne daga Helwan, kusa da Alƙahira, ranar 27 ga Oktoba, ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka biyo ta Sudan da Cadi. Jiragen ƙanana ne, masu farfela ɗaya, kowanne na ɗaukar mutum biyu.

A wancan zamani babu titin jirgi na kwalta, babu hasumiya, babu wanda zai yi magana da matuƙi ta rediyo ya shaida masa halin da filin ke ciki. Abin da akan yi a irin waɗannan filaye na farko shi ne a share fili, a yi masa alama, a hura wuta a gefe don matuƙi ya ga inda hayaƙi ya karkata ya gane ta ina iska ke busowa. Daga baya aka samu wani dogon aljihu na yadi, mai kama da hannun riga, da ake ratayewa a bisa sanda, wanda har gobe ana ganinsa a filayen jirgi. To, wannan hayaƙi shi ne kakan duk wani rahoton yanayi da ake bayarwa a yau.

A shekarar 1936, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinjoji tsakanin Hartum da Kano, kafin ƙarshen shekarar kuma aka miƙa hanyar har Ikko. Daga nan ne Kano ta zama zango na dindindin. Da yake jirgi mai ɗauke da fasinja ba ya tashi a kan tsammani, sai ya zama dole kowane zango ya riƙa aika wa na gaba labarin sararin samaniyarsa ta waya.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya ƙara wa wannan aiki muhimmanci. Bayan da Italiya ta shiga yaƙin a 1940, hanyar Bahar Rum ta zama mai hatsari ga Turawan Ingila. Saboda haka sai suka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, sa'an nan a tuƙo su ta Ikko, Kano, Maiduguri, Alfashir, Hartum har Masar, tafiyar da ta haura mil 3,500. Daga Satumbar 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Matuƙan sun sha wuya a hannun hazo da hadari, kuma bukatarsu ce ta sa aka ƙara tashoshin duba yanayi, aka kuma dage wajen nazarin iskokin wannan yanki.

Iskoki Biyu da Lambobin Titi

Manomi ya riga Bature sanin cewa iska biyu ke mulkin ƙasar Hausa. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu ke busowa daga arewa maso gabas, busasshiya, mai sanyi da ƙura. Da damina kuwa sai iskar kudu maso yamma ta karɓe ta, mai ɗauke da danshin teku. Abin da mutane da dama ba su lura da shi ba shi ne, waɗannan iskoki biyu su suka tsara yadda titin jirgin Kano ya kwanta.

Dalili kuwa shi ne, jirgi kan tashi, ya kuma sauka, yana fuskantar iska. Idan iska na dukan fukafukansa ta gaba, ba ya bukatar doguwar gudu kafin ya ɗaga. Idan kuwa ta baya take tura shi, sai ya cinye titi bai tashi ba. Don haka akan shimfiɗa titi daidai da inda iska ta fi yawan busowa. Babban titin Kano, mai tsawon kimanin mita 3,300, ana kiransa 06/24, ƙaramin kuma, mai kimanin mita 2,450, ana kiransa 05/23. Waɗannan lambobi daga kamfas aka ɗauko su. Da'irar kamfas digiri 360 ce: arewa 360, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Sai a ɗauki digirin da titi ya fuskanta a yar da sifilin ƙarshe. Ke nan 06 na nufin digiri 60, watau arewa maso gabas, 24 kuma digiri 240, watau kudu maso yamma. Titi ɗaya ne mai baki biyu, shi ya sa kullum bambancin lambobin 18 ne. Da hunturu jirgi ya fi amfani da bakin 06 don ya fuskanci iskar arewa, da damina kuma ya juya ga 24.

Ita kuwa ƙurar da ke zama hazo a Kano, yawancinta daga Cadi take fitowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, wanda a zamanin da can gindin babban tafkin Cadi ne kafin ya ƙafe. Iska kan matso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta ƙara ƙarfi, ta kwashi lallausar ƙasar kwarin ta yi sama da ita. Masu duba yanayi sun daɗe da gane cewa idan tashar Faya, wadda ke nesa da Kano da fiye da kilomita 1,000, ta ba da labarin ƙura ta tashi, to bayan kwana ɗaya ko biyu hazo zai rufe Kano. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda ba za ta yi ba. Wannan ya nuna cewa ba ƙasar da za ta iya duba yanayinta ita kaɗai. Shi ya sa ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Shikago a 1944, wadda ta haifi hukumar ICAO mai tsara zirga-zirgar jiragen sama, a 1950 kuma aka kafa hukumar yanayi ta duniya. Maƙwabtanmu Nijar da Cadi da Kamaru suna cikin ƙungiyar ASECNA, wadda aka kafa a 1959 don kula da sararin samaniyarsu. Har wa yau, a taswirar matuƙa, sunan Kano ne aka laƙaba wa yankin sararin samaniyar Nijeriya.

Darasin 1956: Iskar da ta Juya

Ranar Lahadi, 24 ga Yuni, 1956, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, wani jirgin kamfanin BOAC mai inji huɗu, samfurin Argonaut, ya tsaya a Kano a kan hanyarsa daga Ikko zuwa Landan ta Tarabulus. Da yamma ya tashi da mutum 45, ana cikin yanayi na hadari. Tashinsa ke da wuya sai ya shiga ruwa kamar da bakin ƙwarya, iskar da yake fuskanta kuma ta juya farat ɗaya ta koma ta bayansa. Gudunsa ya ragu, ya fara yin ƙasa duk da cewa injinansa na aiki, ya daki bishiya ba da nisa da ƙarshen titi ba, ya kama wuta. Mutum 32 suka rasu.

Kwamitin bincike ya gano cewa wani ɗan ƙullin hadari ne ya haɗu nan take a gaban jirgin, kuma ya bayyana cewa mai hasashen yanayi na filin ba shi da hanyar sanin zai haɗu, matuƙin ma bai iya ganinsa ba kafin ya tashi. A lokacin ilmin kimiyya bai kai ga sanin wannan iska ba, balle ya raɗa mata suna.

Sai bayan shekara 19 cif, a ranar 24 ga Yuni, 1975, wani jirgi ya faɗi yana ƙoƙarin sauka a birnin Niyok cikin hadari, mutum 113 suka mutu. Wani shehun malami na Jami'ar Shikago, haifaffen Japan, mai suna Fujita, ya yi nazarin wannan hatsari, ya bayyana cewa akwai wata iska mai ƙarfi da ke rikitowa daga cikin gajimaren hadari kai tsaye zuwa ƙasa, in ta daki ƙasa sai ta watsu ta ko'ina, kamar an juye bokitin ruwa a daɓe. Jirgin da ya shiga cikinta zai fara jin iska ta gaba, sa'an nan ta danne shi ta sama, sa'an nan ta koma ta bayansa, duk cikin ƙasa da minti ɗaya. A yau ana lissafa hatsarin Kano na 1956 cikin misalan farko da aka rubuta na wannan iska. Bayan binciken Fujita ne aka ƙera na'urorin da ake girkawa kewayen titi don gano sauyin iska, aka kuma sa koyon kauce mata cikin horon kowane matuƙi.

Amma sanin abu daban, aiki da shi daban. Shekara 50 bayan hatsarin Kano, ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin kamfanin ADC da ya nufi Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Masu bincike sun danganta hatsarin da tashi cikin mummunan yanayin da aka riga aka san da shi, da kuma rashin bin matakan da aka tsara na fita daga juyin iska. A 1956 ilmin ne babu. A 2006 kuwa akwai shi.

Yadda Ake Karanta Rahoton

A farkon shekarar 1968 ƙasashen duniya suka fara amfani da tsari ɗaya na rubuta rahoton yanayin filin jirgi, wanda ake kira METAR. Akan fitar da shi duk bayan awa ɗaya ko rabin awa, kuma an taƙaita shi ƙwarai don ya yi saurin bi ta waya, don kuma matuƙin Masar da na Faransa su karanta shi daidai ba tare da tafinta ba. Ga misali da aka tsara don bayani kawai:

DNKN 150700Z 06010KT 0800 DU NSC 16/02 Q1016

DNKN ita ce alamar filin Kano. 150700Z na nufin ranar 15 ga wata, ƙarfe 7 na safe agogon GMT, watau ƙarfe 8 agogon Nijeriya. 06010KT na cewa iska na busowa daga digiri 60 da gudun not 10, kimanin kilomita 18 ke nan a awa ɗaya. 0800 shi ne iyakar gani, watau ido ba ya wuce mita 800. Da gari ya yi garau da sai a rubuta 9999, ma'ana kilomita 10 ko fiye. DU na nufin ƙura ta game gari; akan kuma ga HZ don hazo, TS don hadari mai tsawa. NSC na cewa babu gajimaren da zai dami jirgi. 16/02 kuwa, lambar farko zafin iska ce, ta biyu kuma ita ce inda zafin zai sauka kafin raɓa ta fara zuba. Nisan da ke tsakaninsu shi ke nuna bushewar iska. Na ƙarshe, Q1016, nauyin iska ne, kuma da shi matuƙi ke saita agogon da ke gaya masa nisansa sama da matakin teku. Kuskuren lamba ɗaya a nan daidai yake da kuskuren kimanin mita 8, saboda haka kuskuren lamba 10 ya isa ya sa matuƙi ya zaci yana sama da mita 80 alhali ya kusa taɓa ƙasa.

Bayan wannan akwai TAF, wanda ke hasashen awoyi masu zuwa, da kuma NOTAM, sanarwar da ke shaida wa matuƙa halin da filin kansa ke ciki, alal misali ko an rufe wani titi don gyara, ko fitilu sun mutu. Kowane titi yana da iyakar ganin da in ya gaza ta, doka ta hana sauka, ko da akwai na'urar da ke jagorantar jirgi zuwa titi ta rediyo. Daɗin daɗawa, galibi dole ne jirgi ya ambaci filin da zai karkata gare shi in ya kasa sauka inda ya nufa, ya kuma ɗauki man da zai kai shi can.

Darasin 1973: Jirgin Alhazai

Irin wannan karkatawa ce ta kawo wa Kano babbar musibarta. Ranar Litinin, 22 ga Janairu, 1973, zamanin Sarki Ado Bayero da Gwamna Audu Baƙo, wani jirgi samfurin Boeing 707 da kamfanin Nigeria Airways ya yi hayarsa daga kamfanin Alia na ƙasar Jodan ya taso daga Jidda da alhazai, ya nufi Ikko. Da yanayin Ikko ya ɓaci sai aka karkato da shi Kano, inda ya tarar da hazo da iska mai ƙarfi. Jirgin ya dira da ƙarfi, ƙafafun tayoyinsa suka karye, ya kauce daga titi, ya juya, wuta ta kama. Daga cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka rasu, 26 suka tsira. A lokacin ba a taɓa yin hatsarin jirgin sama da ya ci rayuka kamarsa ba a duk duniya, har sai da na Faransa ya auku a Maris ɗin 1974.

Abin lura a nan shi ne, filin da aka zaɓa don gudun wani mummunan yanayi, shi ma yana da nasa. Hazo ba ya kama da hadari, ba ya tsawa ba ya walƙiya, har matuƙi na iya hango ƙasa idan ya duba kai tsaye daga sama. Amma da zarar ya sunkuyo ya doshi titi, sai ganinsa ya ratsa ƙura mai kauri, titin ya ɓace masa ko ya gan shi a makare. Saboda haka ne ake bukatar rahoton filin da za a karkata gare shi ya zama sabo kuma na gaskiya, daidai da na filin da aka nufa tun farko.

Darasin 2002: Zafi da Tsawon Titi

Ba hazo da hadari kaɗai ke cikin rahoto ba. Lambar zafi ma tana da nata aiki. Idan iska ta yi zafi takan yi shara-shara, haka nan idan wuri na kan tudu. Filin Kano na bisa tudun da ya kai mita 476 daga teku, kuma da bazara zafi kan kai digiri 40. A irin wannan hali fukafukai ba sa samun iskar da za su dafa sosai, inji ma ƙarfinsa kan ragu, don haka jirgi na bukatar titi mai tsawo, ko kuma a rage masa kaya.

Ranar Asabar, 4 ga Mayu, 2002, da tsakar rana, jirgin kamfanin EAS da ya nufi Ikko ya yi amfani da ƙaramin titin Kano. Ya cinye titin bai ɗaga ba, ya shiga cikin ƙasa, tayoyinsa suka tayar da ƙurar da injinansa suka shaƙa. Ya ɗan ɗaga, amma ya kasa yin sama, ya faɗa a kan gidajen unguwar Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasu, na cikin jirgi da na cikin gida, har da Ministan Wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku. Wannan hatsari ya nuna cewa lissafin zafi da nauyi da tsawon titi bai tsaya a kan fasinja ba, ya shafi har wanda ke zaune a tsakar gidansa bai taɓa shiga jirgi ba, musamman da yake birnin Kano ya bunƙasa ya kewaye filin da a da yake bayan gari.

Shekara guda bayan haka, a 2003, aka kafa hukumar NiMet da doka, ita ce ke da alhakin fitar da rahoton yanayi a filayen jiragen Nijeriya, yayin da hukumar NAMA, wadda aka kafa a 1999, ke kula da zirga-zirgar jirage a sama.

Kammalawa

Daga hayaƙin filin sukuwa na 1925 zuwa yau, an samu ci gaba mai yawa. Tauraron ɗan'adam na iya ɗaukar hoton ƙurar Bodele tun tana tashi, rahoto kuma kan zaga duniya cikin ƙiftawar ido. Duk da haka, tarihin wannan fili, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, ya nuna mana cewa amfanin rahoto ya rataya ne a wuyan mutane uku: ma'aikacin da zai auna ya rubuta gaskiya, hukumar da za ta gyara na'ura da titi ta kuma sanar da halin da suke ciki, da matuƙin da zai karanta ya yi biyayya ko da kamfani da fasinjoji sun matsa masa. Idan ɗaya ya yi sakaci, aikin sauran biyun ya tashi a banza.

Mu ma fasinjoji muna da namu rabo a ciki. Haƙƙinmu ne mu nemi a gaya mana dalilin jinkiri, a kuma kula da mu kafin jirgi ya tashi, domin ba kowane jinkiri ne laifin hazo ba. Amma idan aka tabbatar yanayi ne ya hana, to bai kamata mu ƙara wa matuƙi nauyi da hayaniya ba. Magabata sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah ya jiƙan alhazan 1973 da mutanen Gwammaja da sauran waɗanda suka rasu a waɗannan haɗurra, ya kuma kiyaye na gaba, amin.